Cikar Kogi da Tashin Ciwo: Sake Nazarin Kawar da Agana a Ƙasar Haɗejiya

Tsakure

Wannan maƙala tana ja da ra'ayin da ke jingina kawar da agana ga ingancin magani kaɗai. Ta ɗauki fadamun Haɗejiya a matsayin fagen nazari, domin nuna cewa cikar kogi da janyewarsa ne suka tsara lokacin yaɗuwar ciwon, kuma aikin lamba bai yi tasiri ba sai da ya dace da wannan lokacin.

Edward Jenner ya gwada lambarsa a Ingila a 1796, amma ba a ga mai agana na ƙarshe a Afirka ta Yamma ba sai a watan Mayu na 1970, a Nijeriya. Tsakani akwai shekara 174. Turawa sun ci Haɗejiya da yaƙi a 1906, sun yi mulki fiye da rabin ƙarni da masu lamba da duba-gari a hannunsu, suka tafi suka bar agana. Da magani kaɗai ke kashe annoba, da ba a ga wannan tazarar ba.

Hujja ta farko tana cikin harshe. Bahaushe yakan kira agana da 'yan rani, kuma ƙididdigar likitoci ta gaskata shi: a Afirka ta Yamma ciwon yakan yi ƙamari da rani, ya yi sanyi a ƙarshen damina. A ƙasar Haɗejiya wannan tsarin yana da tushe na zahiri. Kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin yakan cika a Agusta da Satumba ya malale fadamu, ƙauyuka da dama na wajejen Guri da Kiri Kasamma su koma sai da kwalekwale. Ƙwayar agana kuwa ba ta da mafaka sai jikin mutum. Takan ɗauki kimanin kwana 12 kafin ta bayyana, kuma wanda ya warke ya rabu da ita ke nan, sai zanzana a fuska. A ƙaramin ƙauyen da ruwa ya kewaye, da zarar ta gama da waɗanda ba su taɓa yi ba, ta rasa wurin zuwa. Ruwa na janyewa al'amari ya juye. Fulani su gangaro da shanu neman ɗanyar ciyawa, har daga Nijar, masunta su bi tafkuna, 'yan cin rani da almajirai su kama hanya, kasuwanni su cika. Layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya ratsa ta Malam Madori da Birniwa, ya mayar da tafiyar kwanaki ta zama ta yini guda, wato mutum na iya isa Kano tun ƙurji bai fito masa ba.

Tsohuwar lamba ta ruwa ce, zafi yana kashe ta. Lokacin da hanya ke buɗe wa mai lamba shi ne ke kaiwa ga bazara, sa'ad da maganin ke lalacewa kafin ya isa ƙauye. Lokacin da ciwon ya fi rauni kuma, hanya a rufe take. Lambar da ba ta kama ba ɓarna biyu gare ta: ba ta kare yaro ba, ta kuma koya wa iyayensa cewa abin ba shi da amfani. Don haka kiran masu gudun lamba jahilai kasalar nazari ce. Busasshen magani irin wanda Leslie Collier ya inganta a Ingila, mai jure wata guda cikin zafin digiri 37, shi ya warware rabin matsalar. Da shi aka soma shirin kawar da agana na 1967 a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da kuɗin Amurka da ƙwararrun cibiyar yaƙi da cututtuka ta Atlanta, aka haɗa shi da rigakafin ƙyanda. Na'urar allura da ake takawa da ƙafa tana iya yi wa kusan mutum 1,000 a sa'a guda, amma sai an tara mata su. A Arewa tarawar ta bi silsilar sarauta, daga sarki zuwa hakimi, dagaci da mai unguwa ko bulama. A Haɗejiya, wadda ke cikin Jihar Kano a lokacin, zamanin Sarki Haruna ne.

Ɗaya rabin matsalar shi ne waɗanda taro ba ya samu. A Disamba ta 1966, a Ogoja, magani ya gaza wa likita William Foege, sai ya koma ga neman gidan da ciwo yake, ya yi wa mutanen gidan da duk wanda suka cuɗanya da shi lamba. A Satumba ta 1968 aka faɗaɗa wannan dabara a ƙasashen yankin da ciwon bai bari ba, kuma da gangan aka zaɓi watan, domin a lokacin ne hanyoyin yaɗuwarsa suka fi ƙaranci. A fadama ma'anar wannan a fili take: ruwa ya riga ya killace ƙauyuka, abin da ya rage shi ne a kashe ɓurɓushin wutar kafin hanya ta bushe.

Mai ja zai ce halittar ƙwayar ce ta ba da nasara, tunda ba ta ɓuya a dabba, kuma kowa na gane mai ita. Gaskiya ne, kuma shan inna shaida ce: yawancin masu ɗauke da ita ba sa nuna alama, ga shi ta kai har 2016 a Borno. Sai dai halittar agana ba ta canza ba tsakanin 1906 da 1967. Abin da bai canza ba ba zai iya bayyana abin da ya canza ba. Ya sauƙaƙa aikin ne kurum.

Suka ta biyu ta fi nauyi: abin da ake kira haɗin kan jama'a, ai tsoron En'e ne, wato hukumar sarakuna. Ba za a musa ba. Silsilar da ta tara mutane lamba ita ce a lokacin mai karɓar haraji da jangali, tana da dogarai da gidan yari. Amma sukar tana taimakon hujjarmu fiye da yadda take rushe ta. Tilas tana aiki a kan manomin da sunansa ke cikin littafin haraji, wanda dagaci ya san ƙofar gidansa. Makiyayin da ya saba kauce wa masu ƙirgar jangali, da masuncin da ke bin ruwa, da ɗan cin rani, su ne suka fi nisa da wannan silsila, kuma su ne suka fi yawan tafiya a lokacin da ciwo ke tashi. Waɗannan ba a kaiwa gare su da umarni, sai da labari: arɗo, sarkin kasuwa ko wanzami ya faɗi rugar da aka ga ƙurji. Da irin wannan bin sawu aka gano Ali Maow Maalin a Marka ta Somaliya a Oktoba ta 1977, mutum na ƙarshe da ya kamu ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da ƙarewar ciwon ranar 8 ga Mayu, 1980.