Kawunan Wayar Eriya

Wayar eriya tana da jijiyar tagulla a tsakiya, raga kewaye da ita. Kanta ne ke rikita mai saye.

Kan F shi ne na bayan dikoda: murɗa shi ake yi, jijiyar wayar ce ke zama allurarsa. BNC na kyamarorin tsaro kuwa, a tura, a ɗan juya, ya kulle. N ƙato ne mai jure ruwan sama, Paul Neill ya ƙera shi a shekarun 1940.

Ɗan ƙaramin SMA ne mai tarko. Takwaransa RP-SMA na akwatin Wi-Fi murɗinsu ɗaya, amma an musanya allura da rami. Sai su ɗauru tsaf, sigina kuwa ko ɗigo.