Cocin Ƙasa na Wusasa da Aikin Magina

Wanda ya taso daga Kwaciri ya ratsa Sabon Garin Kano zai ga coci-coci birjik, kusan dukkansu na bulo da siminti. Mai son ganin wanda aka ɗora da tubali, ginin Hausa tsantsa, sai ya hau motar Zariya ya sauka a Wusasa.

Labarin ma daga Kano ya faro. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller suka iso birni, Sarki Alu ya sallame su, bai yarda su zauna ba. Daga baya Miller ya yi zamansa a birnin Zazzau, har zuwa 1929 da mishan ɗinsu na CMS ya koma Wusasa, can bayan gari a gindin duwatsu. Nan aka gina cocin St. Bartholomew, a unguwar da Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Magini na shiga, sama yake fara dubawa. Bakan gizo ne ke ɗauke da rufin, wato azarar giginya da ake jerawa hawa-hawa, a lulluɓe ta da ƙasa har ta lanƙwasa. Fasahar ke nan da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Ga bango mai kauri, ga sanyi ko da tsakar bazara.

Sai dai ginin ƙasa ba ya yafe sakaci. Kafin damina a gyara indararo, bayanta a bi tsaga da yaɓe. Magina na shafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufi kuma a bi shi da laso, haɗin katsin marina da gashin dabba da dafara. Masu gaggawa kan shafe bangon da siminti, kuma kuskure ne babba: danshi ya maƙale a ciki, ƙasa ta ruɓe ba a gani ba, wata rana filasta ta zubo da rabin bango.

Masallacin Zariya kansa an kewaye shi da sabon gini a shekarun 1970. Abin da ke damun masu gyara yau shi ne kayan aiki da hannu: marinu sun ragu, katsi ya yi wuya, giginya ta yi nisa, 'ya'yan magina da yawa kuma sun koma birkiloli.