Gwada ƙananan manhajojin API a kwamfutarka kafin a ɗora su intanet

A shekarar 2014 kamfanin Amazon ya fito da AWS Lambda, tsarin da ya sauke wa mai gina shafin intanet nauyin kula da uwar garke. Ƙaramar manhaja kawai zai rubuta mai yin aiki guda, kamar karɓar fom ɗin rajista ko tura saƙo, kamfanin ya kunna ta duk sa'ad da aka kira ta, a biya gwargwadon aikin da ta yi. Microsoft da Google da Cloudflare da Netlify da Vercel duk suna da irin nasu.

Matsalar ita ce manhajar a injinan kamfani take gudana. In ba wata dabara, ko harafi ɗaya aka gyara sai an sake ɗorawa, a jira, sannan a ga ko ta yi. Ga wanda ke aiki a Zinder ko Tahoua, inda rezo ke rawa kuma kuran ke ɗaukewa, wannan ɓarnar lokaci ce da kuɗin forfe.

Shi ya sa kamfanonin suka tanadi kayan da ke kwaikwayon injinansu a cikin kwamfutar mutum. Umarnin netlify dev yana buɗe shafin da manhajojinsa tare a adireshin localhost, ƙofa ta 8888. Na Vercel shi ne vercel dev a ƙofa ta 3000, na Cloudflare kuwa wrangler dev a 8787. Na Amazon, wato sam local start-api, ya fi nauyi domin sai da Docker ko makamancinsa, kuma karon farko sai ya sauko da manyan fayiloli. Gara a yi shi inda intanet ke da ƙarfi. Haɗa shafi da manhaja a ƙofa ɗaya ba ƙaramin sauƙi ba ne, tunda burauza kan toshe amsar da ta fito daga wata ƙofa dabam in ba a ba da izini ba.

Sai dai kwaikwayo ba asali ba ne. A kwamfutar gida manhajar kan yi aiki da izinin mai ita, wanda galibi ya fi wanda za a ba ta a can faɗi, saboda haka abin da ya tafi lafiya lau a gida yana iya cijewa bayan ɗorawa. Jinkirin tashin farko da ake samu idan manhaja ta daɗe ba a kira ta ba, shi ma gwajin gida ba ya nuna shi yadda yake. Haka nan kamfanin biyan kuɗi da ke aiko da sanarwa ba zai iya isa localhost ba, sai an buɗe masa hanya da wani abu kamar ngrok.

Babban haɗarin yana wajen makullan sirri. Ana ajiye su a fayil mai suna .env, wanda bai kamata ya shiga GitHub ba ko kaɗan. Idan kuma makullan ainihin rumbun bayanai aka saka a ciki, gwajin gogewa zai goge bayanan abokan ciniki na gaske, ko da yake a ɗaki ake zaune. Rumbun gwaji dabam ake buɗewa, da makullansa dabam.