Bayanin Mura da Turanci: Wace Kalma Ce Ta Dace?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya sauko da ƙura a ƙauyukan Ɗambatta, Bichi da Tsanyawa, da wuya a sami gidan da babu mai mura. Rubutun da ke jikin kwalaben magani a kemis na Turanci ne, kuma wani lokaci likitan da ke asibiti ɗan bautar ƙasa ne daga kudu wanda bai ji Hausa ba. Don haka yana da kyau a bambance waɗannan kalmomi.

Da farko, "I am cold" na nufin ina jin sanyi. Mai mura "I have a cold" zai ce, ko da yake a Najeriya an fi cewa "catarrh".

Hanci: idan majina na zuba, "runny" ne. Idan ya toshe, "blocked" ko "stuffy". Ma'anarsu ɗaya, amma "blocked" ya fi shiga kunnen mutanenmu.

Maƙogwaro: idan yana zafi wajen haɗiya, "sore throat" ake cewa. Ba a saba cewa "painful throat" ba, ko da za a gane. "Hoarse" kuwa na murya ne, wato ta dushe.

Tari shi ne inda kuskure ke jawo asarar kuɗi. "Dry cough" busasshen tari ne mai ƙaiƙayi, babu kaki. "Chesty cough" ko "wet cough" shi ne mai fito da kaki daga ƙirji, likitoci kuma suna ce masa "productive". Maganinsu ba ɗaya ba ne. Na busasshen tari yana danne tarin, na mai kaki kuwa, wanda ake rubuta wa "expectorant", yana sassauta kakin ne don ya fita. Wanda ya sayi na farko alhali ƙirjinsa cike yake da kaki ya danne abin da ya kamata ya fito.

Kada a ce "hot" idan zazzaɓi ake nufi, domin wanda ya dawo daga gona da rana ma "hot" yake. A ce "feverish", sannan a nemi gwajin maleriya. Tarin da ya kai mako 2 kuwa a ce masa "persistent", a je a yi gwajin tarin fuka, wanda kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke kula da cutar.