KASET ƊIN WAƘOƘIN FIM: TARIHIN DA MUKE ZUBARWA A BOLA

Shekaranjiya ƙanina ya kira ni, wai suna gyaran ɗakin marigayi Baba sun ga wani kwali cike da tsofaffin kaset, ko a zubar? Na ce masa kul, kar wanda ya taɓa. Da na je na buɗe, kaset ne sun haura ɗari, galibi waƙoƙin finafinan Indiya, sai na Hausa na farko-farko. Shekara goma ina bin kasuwanni ina tara irinsu, ashe taska na cikin gidanmu ban sani ba.

Yaran yanzu ba su san yadda abin ya faro ba. Tun wajen shekarun 1950 Kwarori masu gidajen sinima suka fara kawo finafinan Indiya Arewa. A Kano jama'a kan cika Plaza da El Dorado da Marhaba. Ba jin yaren ake ba, waƙar ce ke kama zuciya. Jarumai irin su Nargis ta Mother India, fim ɗin 1957, baki kawai suke motsawa. Muryoyin na su Lata Mangeshkar ne da Mohammed Rafi da Kishore Kumar.

A da sai mai hali ke da faifan garmaho. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma da rikoda ta wadata sai talaka ma ya iya kai waƙar fim ɗakinsa. A kasuwar Ƙofar Wambai kana iya samun waƙoƙin Sholay na 1975 ko Disco Dancer na 1982, wanda Bappi Lahiri ya yi wa kiɗa. Hatta masu bandiri sun ari karin waɗannan waƙoƙi suna yabon Annabi (SAW) da shi.

Kunnen da ya saba da wannan shi ya tarbi fim ɗin Hausa. Turmin Danya ya fito a 1990, sannan Sangaya a 1999 ya nuna cewa waƙa ita ke sayar da fim. Da fiyano ake haɗa kiɗan a situdiyo, a fitar da kaset ɗin waƙoƙin daban, ka ji shi a motar haya da gidan biki.

Ga inda abin ke min ciwo. Tsofaffin waƙoƙin Indiya ba su ɓata ba, kamfanin Saregama, wanda aka sani da HMV, ya adana dubbai. Namu fa? Da yawa suna cikin kwalaye ne irin na Baba. Kaset kuwa ba ya jure zafi da danshi. A cikin nasa guda goma sha ɗaya zaren ya manne, wallahi ko tari ba sa yi.

Don Allah jama'a, in kuna da su kar ku zubar. A raba su da rana da laima, a nisanta su da sifika saboda maganaɗisu. A juya zaren da biro a hankali kafin a sa a rikoda, sannan a tura sautin cikin kwamfuta. A ɗauki hoton bangon ma, don wani lokaci nan kaɗai sunan mawaƙi ya rage.

Wanda ba shi da lokacin wannan aikin ya yi min magana, zan zo har gida in karɓa. Allah Ya jiƙan iyayenmu.