Waƙoƙin Kirsimeti a Ƙasar Zazzau: Abin da Muka Gāda da Abin da Ya Rage Mu Tsara

A yawancin majami'unmu na Ikara, Makarfi da Kudan, abin da mutane suka sani game da haihuwar Almasihu sun fi samunsa a waƙa. Wa'azin ranar Kirsimeti sau ɗaya ake jin sa, amma waƙa tana bin mace zuwa rijiya, tana bin saurayi zuwa gonar rake, yara kuma su kwana da ita a baki. Saboda haka wanda ya tsara wa ikkilisiya waƙa malaminta ne, ko an naɗa shi ko ba a naɗa ba. A wannan darasi za mu bi tarihin yadda waƙoƙin Kirsimeti suka zo mana, da matsalar da suka zo da ita, domin mu gane aikin da ke wuyanmu mu shugabanni.

Ƙasar da ta riga ta san waƙa

Bishara ba ta tarar da ƙasar Hausa shiru ba. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa koyar da matan karkara addini ta hanyar waƙoƙin da jajis suke haddacewa su kai ƙauyuka. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya yi sarauta a farkon mulkin Turawa, shi kansa marubucin waƙa ne. Bayansa Malam Aliyu Namangi, makahon mawaƙin Zariya, ya ɗora wa'azinsa na Imfiraji a kan karin Caji, wato kiɗan da jama'a suka riga suka saba da shi a dandali. A ƙauyukan Maguzawa kuma akwai waƙar gayya, waƙar daka, waƙar niƙa da ta biki. Kusan dukansu siffarsu ɗaya ce: jagora ya bayar, 'yan amshi su karɓa. Kunnen Bahaushe, Musulmi ko Bamaguje, ya riga ya san yadda kalma take zama daram a cikin murya.

Daga Girku zuwa Gimi da Wusasa

A 1900 Bishop Herbert Tugwell na ƙungiyar CMS ya isa Kano da 'yan tawagarsa, cikinsu har da Likita Walter Miller. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, sai suka koma Girku, kudu da Zariya. A 1905 Miller ya shiga birnin Zariya ya buɗe makaranta da ɗakin magani. A 1913 kuma aka sami haɗuwa tsakaninsa da Isawa, wato almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a kasuwar Kano a ƙarni na 19 saboda girman da koyarwarsa ta ba Annabi Isa. Waɗanda suka ba da gaskiya daga cikinsu suka taru a Gimi, a ƙasar Makarfi ta yau, suka kafa ƙauyen Kirista, Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, yana kiwonsu. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya kashe da yawa daga cikinsu, sauran suka watse, yara da dama kuma suka koma hannun mishan a Zariya. A 1929 aka gina majami'ar St. Bartholomew a Wusasa, a 1932 kuma cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito.

Akwai abin lura a nan. Majami'ar Wusasa da ƙasa aka gina ta, da baka da azara, irin ginin magina Hausawa. Nassi ma an juya shi zuwa Hausa. Amma waƙoƙin da aka rera a ciki, kalmominsu ne kawai aka juya, muryoyinsu na Ingila da Amurka ne. Haka abin yake a Littafin Waƙoƙi wanda ikkilisiyoyin SIM da SUM suka yaɗa ko'ina a Arewa. Ba mu raina wannan gādo ba. Da waɗannan waƙoƙi aka binne iyayenmu, da su aka ɗaura aurenmu, sun kuma haɗa Bahaushe da Bajju da Angas a sujada ɗaya. Sai dai ya kamata mu fahimci abin da yakan faru idan aka sa Hausa cikin muryar aro.

Inda muryar aro take takura Hausa

Mawaƙin Turanci yana ƙirga gaɓoɓi, yana kuma lura da inda ƙarfin murya yake faɗawa. Shi ya sa a bayan littattafansu za a ga lambobi kamar 8.6.8.6. Hausa kuwa ba ta tafiya haka. Gaɓarmu ko dai mai nauyi ce ko marar nauyi, wasali kuma ko dogo ne ko gajere, kuma ma'ana tana rataye a kan wannan. Idan murya ta ja gaɓar farko ta kalmar gari, garin Dawuda ya zama gārin tuwo. Haka kuma karin sauti, wato hawa da saukar murya, shi ne yake raba wuya na jiki da wuya ta wahala, yake raba kuka na hawaye da kuka ta miya. Mawaƙan Hausa sukan yi wa karin sauti sassauci, amma nauyin gaɓa ba su cika wasa da shi ba. Duk wanda ya saurari Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos zai ji kowace kalma ta fito cif, ba a tauye ta ba.

Mai fassara waƙar Turanci yakan cika adadin gaɓoɓi ya ga aiki ya ƙare. Amma da an rera, sai gajeren wasali ya faɗa a doguwar murya, dogo kuma a haɗiye shi. Mu da muka girma da waƙoƙin mun san abin da ake nufi, don haka ba ma jin karkacewar. Maƙwabcinmu da yake jin mu ta taga ranar Kirsimeti shi yake jin ta, ya kuma ƙara tabbata a ransa cewa wannan addini baƙo ne. Ga kuma hotunan da wasu waƙoƙin suke ɗauke da su, na dusar ƙanƙara da itatuwan Turai, alhali Luka da Matiyu ba su ambaci ko ɗaya ba.

Amsar da ta fito daga ƙasa

Gyara bai fara daga makarantun tauhidi ba. Tun kafin samun 'yancin kai a 1960, Zumuntar Mata ta fara tsara nata waƙoƙin, da tulu da caki da tafi, jagora tana bayarwa mata suna amsawa. A farkon shekarun 1960 shirin Sabon Rai Don Kowa ya fitar da ƙungiyoyin mawaƙa zuwa kasuwanni da ƙauyuka da waƙoƙin bishara masu karin gida. Gidajen rediyo irin su ELWA da Muryar Bishara suka kai waɗannan muryoyi nesa. Daga shekarun 1970, lokacin da Maguzawa da yawa a ƙasar Kano, Katsina da arewacin Zazzau suka karɓi bishara, sai ikkilisiya ta cika da mutanen da Hausa ce harshen uwarsu, ba harshen kasuwa ba. Yawancin majami'un Ikara, Makarfi da Kudan 'ya'yan wannan zamani ne.

Wannan ya zo da tasa muhawarar. Dattawan da suka fito daga bori sun ƙi jinin garaya da goge a cikin sujada, domin sun san abin da ake kira da su a dā. Matasa kuma suka ce ai Zabura ta 150 ta kira kowane irin abin kiɗa. Dukansu suna da hujja, kuma fasto mai hikima zai tuna da koyarwar Bulus a Romawa 14 game da lamirin ɗan'uwa. Sakamakon dai shi ne yau muna da rumbu biyu. Ɗaya na kwaya ne, mai muryoyi huɗu da rubutun do-re-mi, mai nauyin koyarwa amma muryarsa ta aro. Ɗaya na mata da matasa ne, mai daɗin kunne, amma sau da yawa layi biyu ne ake maimaitawa. A Kirsimeti rabuwar ta fi fitowa fili: kwaya ta rera fassara, mata su rera murna, amma da wuya a ji sabuwar waƙa mai muryoyi huɗu wadda aka haifa da Hausa, take kuma ɗauke da cikakken labarin.

Abin da waɗansu suka yi

Ba mu ne na farko da muka tsaya a wannan mararraba ba. Martin Luther ya nace cewa waƙar Jamusanci dole kalma da murya su fito daga harshen uwa, ya kuma tsara waƙar Kirsimeti don yara. Isaac Watts a 1719 ya sake zuba Zabura cikin Turancin zamaninsa, daga Zabura ta 98 kuma aka sami ɗaya daga cikin waƙoƙin Kirsimeti da duniya ta fi sani. A 1818, a ƙauyen Oberndorf na ƙasar Ostiriya, limamin coci Joseph Mohr da malamin makaranta Franz Gruber suka tsara waƙar daren haihuwa da jita kawai, don ƙaramar ikkilisiyarsu. Sujadar darussa tara da waƙoƙi, wadda wasu majami'unmu suke yi, Bishop Benson ne ya fara ta a Truro a 1880, Kwalejin King's ta Kambirij ta ɗauka a 1918. Tun 1983 kuma kwalejin take sa a tsara mata sabuwar waƙa kusan kowace shekara. Ashe waɗanda muka ara daga wurinsu ba su daina tsarawa ba.

A nan gida Najeriya, Rabaran J. J. Ransome-Kuti ya tsara waƙoƙin Yarabanci da karin gida, har aka ɗauke su a faifai a Landan a 1922. Ikoli Harcourt Whyte, wanda ya rasu a 1977, ya yi rayuwarsa a sansanin kutare na Uzuakoli, inda ya tsara wa kwaya waƙoƙin Ibo masu bin hawa da saukar harshen. Ya nuna cewa muryoyi huɗu da mutunta harshe suna iya tafiya tare.

Aikin da ke gabanmu

Na farko shi ne nassi. Luka ya ba mu waƙoƙi huɗu a surori biyu: ta Maryamu a 1:46-55, ta Zakariya a 1:68-79, ta mala'iku a 2:14, da ta Saminu a 2:29-32. Ga Ishaya 9, Mika 5, Yohanna 1 da Filibiyawa 2. Kada mu tsallake Matiyu 2, inda Hirudus ya kashe yara, aka kuma gudu da jariri zuwa Masar cikin dare. Jama'ar da ta san gudun hijira da fargabar dare tana bukatar ta ji cewa Mai Cetonta ma ya bi wannan hanya.

Na biyu, kalma ta riga murya. Mai tsarawa ya fara rubuta baitocin, ya karanta su da ƙarfi sau da yawa, ya ji inda murya take hawa da inda take ja, sa'an nan ya fitar da kari daga nan. Kowane baiti ya bi awon na farko a nauyin gaɓa, kamar yadda marubuta waƙoƙin Hausa suke yi, da amsa-amo mai sauƙin riƙewa.

Na uku, a raba aiki tsakanin jagora da kwaya. Jagora ya ɗauki labarin da murya ɗaya don kalmomi su fito sarai, muryoyi huɗu kuma su shigo a amshi, inda dukan ikkilisiya za ta iya bi. Amshin ya ɗauki gaskiya guda wadda muke so yaro ya tafi da ita gida.

Na huɗu, hotunan su zama namu muddin ba su saɓa wa nassi ba. Disamba a wurinmu lokacin hunturu ne da hazo, an gama girbin dawa, ana matsar rake ana dafa mazarƙwaila a Makarfi da Kudan. Mun san makiyayan da suke kwana a fili da garkensu, mun san komin dabbobi, mun san baƙon da ya rasa masauki ranar kasuwa.

Na biyar, a gwada waƙar kafin a tsayar da ita. A rera wa tsohuwar da ba ta karatu, a tambaye ta abin da ta ji. A ba fasto ya auna koyarwar: shin ta shaida cewa jaririn Allah ne cikakke, mutum ne kuma cikakke? In ta wuce, a rubuta ta da do-re-mi, a ɗauke ta a waya, a rubuta sunan mai ita da shekarar, domin waƙoƙin iyayenmu mata da yawa sun bi su kabari.

Bulus ya ce a 1 Korantiyawa 14:15 zai yi waƙa da ruhu, ya kuma yi da fahimta. Saƙon Kirsimeti kuwa shi ne Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu, ya yi magana da harshen ƙauyensu har aka san almajiransa da karin Galili. Muna roƙon kowane ɗalibi, kafin ya tafi hutun ƙarshen shekara, ya zaɓi ɗaya daga cikin waƙoƙi huɗu na Luka, ya zauna da shugaban kwaya da shugabar Zumuntar Mata na majami'arsu, su fitar da baiti uku da amshi. Idan muka dawo za mu saurare su a aji, mu gyara wa juna.