Jerin Gwarazan Jack Kirby: Tarihin Musun Wa Ya Fi Wa

Jera gwarazan Jack Kirby daga na ɗaya zuwa na ƙarshe al'ada ce ta masu karanta mujallun labaran zane na Amurka, kuma tushenta ya koma farkon shekarun 1960. Mutum zai lissafo jaruman da Kirby ya ƙirƙiro, irin su Captain America da Thor da Hulk da Black Panther da Silver Surfer, ya ce wane ne gaba wane ne baya, wani kuma ya taso ya ce sam ba haka ba. Daga nesa abin ya yi kama da musun 'yan ƙwallo a teburin mai shayi, kuma lalle akwai wannan a ciki. Sai dai duk wanda zai yi jerin, kafin ya kai ga wa ya fi wa, dole ya fara amsa wata tambaya mai nauyi: su wane ne ma na Kirby? A kan tambayar nan ne kamfanin Marvel da magadan Kirby suka ja daga har ƙofar Kotun Ƙolin Amurka. Tarihin jerin, saboda haka, tarihi ne na yadda masu karatu suka maido wa mai zane sunansa a kan aikin da aka daɗe ana jingina wa wani.

An haifi Kirby ranar 28 ga Agusta 1917 a Lower East Side, unguwar talakawa a birnin New York, sunansa na yanka Jacob Kurtzberg. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Ostiriya, mahaifinsa yana aiki a masana'antar ɗinkin tufafi. Shi da abokin aikinsa Joe Simon ne suka ƙirƙiro Captain America, wanda fitowarsa ta farko ta shiga kasuwa a Disamba 1940 da hoton jarumin yana kai wa Hitler naushi a bangon mujallar, shekara guda cur kafin Amurka ta shiga yaƙin. Kirby da kansa ya je fagen daga a Faransa. Bayan yaƙi shi da Simon suka buɗe kasuwar labaran soyayya na zane da Young Romance a 1947. A wancan zamani yawancin masu zane ba a ma rubuta sunansu, yaro ya sayi mujalla ya karanta ya yar. Simon da Kirby na cikin 'yan tsirarun da sunansu ke sayar da kaya, amma ko su ba wanda ya zauna yana auna jarumansu ɗaya bayan ɗaya, domin masu karatun ba su da dandalin da za su haɗu su yi hakan.

Dandalin ya samu a 1961. A shekarar ne Jerry Bails da Roy Thomas suka fara buga Alter Ego, 'yar ƙaramar mujallar masoya da ake aikawa ta gidan waya, kuma daga cikinta aka haifi kyaututtukan Alley, inda masu karatu ke kaɗa ƙuri'a kan mujallar da ta fi, jarumin da ya fi, mai zanen da ya fi. A shekarar dai, da kwanan watan Nuwamba, Fantastic Four ta fito, aikin Kirby da editan kamfanin Marvel, Stan Lee. Cikin shekara biyu aka samu Hulk da Thor da Ant-Man da X-Men da Avengers. Wato al'adar ƙuri'a da ambaliyar sababbin jarumai sun taso rana ɗaya, kuma Lee, wanda ya iya tallar haja, ya gane amfanin abin nan take. Ya cika shafin wasiƙu da barkwanci, yana tambayar yara wa suka fi so, yana amsa musu kamar abokansa. Shi ne ma ya yayata laƙabin Sarki da ake yi wa Kirby. Amma a shafin farko abin da ake rubutawa shi ne Lee ya rubuta, Kirby ya zana, kuma yaron da ya karanta haka zai ɗauka Lee ne ya tsara komai, Kirby ya bi umarni.

Yadda aikin yake gudana ya sha bamban da haka. Lee yakan ba da gundarin labari a taƙaice, wani lokaci da baki kawai. Kirby ya koma gida, ya zauna gaban allon zanensa da fensir da sigarinsa, ya tsara shafi ashirin ko kusa da haka: inda faɗa zai fara, wanda zai faɗi, inda labarin zai juya. A gefen kowane hoto yakan rubuta ɗan bayani da fensir na abin da ke faruwa da abin da jarumin ke nufi. Sai shafukan su koma ofis, Lee ya sa maganganun da ke bakin mutane. Misalin da masoya ba sa gajiya da kawowa shi ne na 1966, lokacin labarin Galactus mai cinye duniyoyi a Fantastic Four fitowa ta 48 zuwa ta 50. Lee ya buɗe shafukan ya tarar da wani mutum mai launin azurfa yana shawagi a sararin samaniya bisa allo, wanda babu shi a abin da suka tattauna. Kirby ya ga halitta mai girman Galactus ba za ta rasa ɗan aike ba, sai ya ƙara shi. Lee ya sha faɗin wannan da bakinsa. Duk da haka, da aka ware wa Silver Surfer mujallarsa a 1968, John Buscema aka ba zanen, Lee kuma ya tsara masa asalin da ba da Kirby aka yi shawararsa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi: Kirby ana biyansa kuɗin shafi ne kawai, ba shi da kaso a cikin komai.

Abin da ya ba masu jeri ma'auni na gaske shi ne ficewar Kirby zuwa kamfanin DC a 1970. A can shi ne marubuci, shi ne mai zane, shi ne editan kansa. Ya fito da Darkseid a ƙarshen shekarar, sannan New Gods da Forever People da Mister Miracle a 1971, sai Kamandi da Etrigan a 1972 da OMAC a 1974. Da ya koma Marvel ya ƙara da Eternals a 1976. A karon farko mai karatu ya iya ajiye aikin Kirby shi kaɗai kusa da aikinsa tare da Lee, ya ga abin da ya bi shi da abin da ya rage a baya. Abin da ya bi shi ba kaɗan ba ne: manyan injuna masu cike shafi, faɗan uba da ɗa, duniyoyi biyu masu gaba, da ɗigon baƙaƙen tawada da yake nuna ƙarfin wuta da su, wanda har yau da sunansa ake kiran salon. Tun daga lokacin jerin masoya ya rabu gida biyu. Mai karatu na gama-gari yakan sa Captain America ko Hulk a sama, wanda ya yi nisa kuwa sai ka ga Darkseid ko Mister Miracle ko Big Barda, kuma zaɓin nasa magana ce yake yi: ga Kirby ba hannun kowa a ciki.

A tsakiyar shekarun 1980 musun ya tashi daga nishaɗi ya zama gwagwarmaya. Marvel ta riƙe ainihin takardun da Kirby ya zana, ta ce ba za ta mayar ba sai ya sa hannu a wata yarjejeniya da ta fi ta sauran masu zane tsauri. Mujallar The Comics Journal ta ɗauki maganar, masu zane da masu karatu suka yi ta sa hannu a takardar koke, har a 1987 aka mayar masa da shafuka wajen 2,000, ɗan kaso na abin da ya zana wa kamfanin. Ya rasu ranar 6 ga Fabrairu 1994 a Kalifoniya, kuma a shekarar John Morrow ya fara buga The Jack Kirby Collector, mujallar da ta riƙa wallafa hotunan shafukan fensir da rubutun gefen nan, kowa ya gani da idonsa. A 2009, bayan Disney ta sanar za ta sayi Marvel a kan kusan dala biliyan 4, 'ya'yansa suka nemi a maido musu haƙƙin mallaka. Kotu ta ba Marvel gaskiya a 2011, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2013, bisa hujjar cewa aikin ƙwadago ya yi wa kamfani. A Satumba 2014, kwanaki kaɗan kafin Kotun Ƙoli ta duba ko za ta saurari ƙarar, aka sasanta a waje. Daga nan sunansa ya zauna daram a mujallu da finafinan Marvel. Da wuya kamfanin da ya ci shari'a sau biyu ya nemi sulhu in da jama'a ba su riga sun yanke nasu hukuncin ba.

Akwai masu cewa jerin ba Kirby yake aunawa ba, finafinai yake aunawa da aikin waɗanda suka zo bayansa, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Groot dodon bishiya ne da ya fito a wani gajeren labari a 1960, aka manta da shi shekaru, sai wani fim na 2014 ya mai da shi ɗan lele. X-Men ɗin Kirby ba ta yi kasuwa sosai ba, har aka daina sababbin labaranta a 1970. Len Wein da Dave Cockrum da Chris Claremont ne suka farfaɗo da ita daga 1975, kuma tarihin Magneto na tsira daga kisan ƙare dangin Yahudawa, wanda ke kai shi saman jeri, Claremont ne ya ba shi. Black Panther, sarkin ƙasar almara ta Wakanda a Afirka, ya fito tun Yuli 1966, amma fim ɗin 2018 da ya tara sama da dala biliyan 1.3 ne ya ɗaga shi zuwa inda yake. Duk wannan gaskiya ne, matsayi a jeri yana bin iskar kasuwa. Abin da bai bi iska ba shi ne su waye ke cikin jerin. Wanda ya shigo don Black Panther na fim zai tarar da Doctor Doom da Inhumans da Kamandi a ƙarƙashin suna ɗaya, ya fara tambayar yadda mutum guda ya yi wannan duka. Kuma ba kowane jarumi ne marubutan baya za su iya yi wa gini shekara hamsin ba. Sai wanda aka haƙa wa tushe mai zurfi.

Suka ta biyu ta fi cizo: wai a ƙoƙarin gyara zalunci ɗaya masoya sun ƙirƙiro wani, suna share Lee da Simon da sauransu. Nan ma akwai abin dubawa. Iron Man yakan shiga jerin Kirby don shi ya tsara sulken farko ya zana bango, alhali Don Heck ne ya zana labarin a 1963, Larry Lieber ya rubuta. Spider-Man kuwa na Steve Ditko ne da Lee, ko da yake Kirby ya zana bangon fitowarsa ta farko, kuma a wata hira da aka buga a 1990, cikin ɓacin rai, ya yi iƙirarin da ya wuce gona da iri a kan Spider-Man ɗin. Kyan Fantastic Four a ganiyarta ma akwai hannun Joe Sinnott, mai bin fensir da tawada. Sannan yawancin mujallun da Kirby ya yi shi kaɗai ba su daɗe ba: New Gods da Forever People a fitowa ta 11 aka tsayar da su, kuma ko masoyansa sun yarda maganganun da yake sa wa jarumai suna da nauyin harshe. Raha da saurin baki na Lee sun taimaka wajen sa yara su ƙaunaci mutanen nan. Amma mafi yawan gyare-gyaren nan masu jerin ne da kansu suka tono su, domin duk wanda ya cusa Spider-Man a jerinsa yanzu, kafin ya rufe baki an fito masa da shafukan Ditko. Musun da ya fara da kare Kirby shi ne ya koya wa masu karatu sanin sunan Heck da Lieber da Sinnott.

Akwai jarumi ɗaya da yakan nuna bambancin tsohon hannu da sabon shiga, wato Thing na Fantastic Four, ƙaton nan mai jikin duwatsu ruwan lemo. Ba shi ne mafi ƙarfi ba, Hulk ya sha kayar da shi, kuma finafinai sun daɗe ba su yi masa adalci ba. Amma waɗanda suka san rayuwar Kirby sukan ɗora shi a sama, don a cikinsa suke ganin mai zanen: ɗan unguwar talakawa mai saurin fushi da taushin zuciya, sigari a baki, tsohon soja, wanda yaran layinsu ba sa barin tsokanarsa. Titin Yancy da ya fito daga ciki an ɗauko shi ne daga titin Delancey na unguwar da Kirby ya tashi, kuma Kirby bai ɓoye cewa da kansa yake kwatanta shi ba. Cikakken sunan jarumin Benjamin Jacob Grimm, Benjamin sunan mahaifin Kirby, Jacob nasa. Sai a 2002, shekara takwas bayan rasuwarsa, wani labarin Marvel ya fito fili ya ce Grimm Bayahude ne.